Albasar da Na Hana a Yanke wa Kai

Daren Laraba ne, bayan sallar isha'i, cikin sanyin shekarar da na shiga aji uku a lakwal, wato makarantar boko. Wurin kuwa tsakar gidanmu ne, a wani ƙauye da ke gefen kwarin Badaguishiri. Mu shida ne a bakin wuta: Kaka, wato mahaifiyar babana, da ni, da Lawali ɗan ƙanen babana, wanda kwana arba'in kawai na ba shi a duniya, sai ƙannenmu mata uku waɗanda barci kan kwashe kafin tatsuniya ta kai rabi. Babu ƙwan lantarki a garin a lokacin. Karan dawa ake turawa cikin wuta, kuma Kaka kaɗai ke da ikon turawa.

Kafin in faɗi abin da ta ba mu a daren, sai na koma baya da kamar wata guda.

Kaka ce mai ajiyar irin albasa a gidanmu. Duk shekara idan an ɗebe albasa, takan zauna ta tsince masu tauri, masu siririn wuya, ta ajiye su daban a cikin rudu, wato rumbun karan da ake ɗagawa daga ƙasa don iska ta riƙa ratsa shi. Waɗannan ba na ci ba ne, ba na kasuwa ba. Idan damina ta wuce sai a mayar da su ƙasa su yi tsiro, su yi fure, a samu baƙin irin da za a yafa baɗi. A waccan shekarar ta kira ni da Lawali, ta ce kowa ya ɗauki ɗaya ya dasa da hannunsa. Wanda tasa ta fi ba da iri, shi za ta bar wa fangalinta na bakin rijiya a garka. Fangalin bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, amma ba ya bushewa, kuma duk mai zuwa jan ruwa sai ya gan shi.

Na riga Lawali miƙa hannu, na ɗauki wadda ta fi girma. Shi ya ɗauki wata matsakaiciya. Kaka ta zaro wuƙa ta yanke wa tasa kai, ta dangwala wurin yankan a toka. Haka ake yi a wajenmu, don tsiro ya samu hanya ya fito da yawa, kuma da wuri. Da ta miƙo hannu ga tawa sai na ɓoye ta a bayana.

"Kawo nan, maigidan," in ji ta. Haka take kirana, wasan kaka da jika.

"Ba za ki rage mini ita ba."

"To riƙe abinka. Miji mai rowa, ko kan albasa ba ya bari a taɓa mai."

Na dasa ta ɗungurungum. Cikin mako guda ta Lawali ta ɓullo da tsiro bakwai, kore shar. Tawa shiru. Da ta ga dama, ta turo guda biyu, sirara, masu karkata. Daga nan na soma biyawa ta garka kowace safiya kafin lakwal. In tona gindin tawa da yatsa, in ɗago ta, in duba fararen saiwoyin ko sun ƙaru, in mayar in danne. Sannan in je in tsuguna gaban ta Lawali in ƙirga. Bakwai. Washegari tara. Ban taɓa kai mata hannu ba, amma kada a ɗauka kirki ne: a fili take, kuma babansa na kusa yana ban ruwa.

To, a daren nan Kaka ta tura kara cikin wuta ta ce, "Ga wata nan tsaye bakin ƙofa, wa za shi buɗe mata?"

Muka ce, "Ta shigo mu ji ta."

Ta ce an yi waɗansu maƙwabta biyu, Tanko da Jatau, garka jikin garka, shinge ɗaya ya raba su. Rana ɗaya suka dasa albasa. Jatau ya ba tasa ruwa ya tafi gida. Tanko kuwa kullum da safe sai ya tumɓuke ɗaya daga cikin nasa, ya kai ta bakin shinge, ya auna ta da zare, ya leƙa ya auna ta Jatau da ido, ya ja tsaki, ya mayar da ita rami. Gobe ya tumɓuke wata. Kafin lokacin ɗiba, babu albasar da bai ɗaga ba a garkar.

"Shi kau Jatau," in ji Kaka, tana jan maganar, "bai san ana awo da shi ba. Ruwa nai yaka ba, shi tahi shi ci tuwo nai, shi yi kwana nai."

Ranar ɗiba Jatau ya ari jakuna uku. Tanko bai samu komai ba sai lawashi, ganyen kawai, matarsa ta daka masa shi, ta cura, ta shanya ya zama gabu, ya kai kasuwar Konni. Can Jatau ya same shi zaune gaban ɗan faifansa, ya durƙusa da tausayi na gaskiya ya ce, "Maƙwabci, wane irin ƙwaro ne ya shiga garkarka haka? Gaya mini, kada shi tsallako tawa."

Ƙannenmu da suka rage a farke suka tambayi abin da Tanko ya ce. Kaka ta ce ba ta tsaya ta ji ba, rana ta yi, ta taho gida. Nan ta bar ta.

Sai ta juyo gare ni. "Isuhu, miƙo hannunka in ɗuma maka, sanyi ya kama ka."

Na miƙa. Ta juya shi a hasken wuta, ta daɗe tana duban farcena.

"Lakwal ɗin nan taku, tonon laka aka koya muku?"

Lawali ya fashe da dariya, ba tare da ya san abin da ake yi wa dariya ba. Na fizge hannuna.

"Ke dai kin fi son shi," na ce.

"Ina son shi. Kai ma ina son ka. Albasa ce ba ta san da wanga zance ba."

Abin da ya fi ƙona ni bai fito daga bakinta ba. Lawali ne ya matso, ya dafa kafaɗata ya ce, "Kar ka damu, in taka ta ƙiya sai mu raba irin tawa." Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Na gane tatsuniyar a daren, sarai. Ban sake tona albasar ba, amma ta riga ta sha wahala. Ta yi fure ɗaya, ƙarami, irinsa bai cika tafin hannu ba. Fangalin bakin rijiya ya zama na Lawali.

Na daɗe ina ɗauka cewa Kaka gargaɗi ta yi mini in daina hassada. Da na girma na lura ba ta taɓa faɗin haka ba, kuma ta san ni sosai, ba za ta ɓata bakinta ba. Abin da ta nuna mini ya fi haka ƙanƙanta: cewa duk tsawon watan nan hannuna bai cuci kowa ba sai abin da na dasa, kuma wanda nake awo da shi bai ma san ina yi ba. Wannan na biyun ne har yanzu ban iya haɗiyewa ba. Na yi karatu, na bar ƙauye, aikina ya zama magana a gaban makirfo a gidan rediyo. Idan labarin manyan motocin albasa masu gangarawa kudu ya zo hannuna, nakan karanta shi da murya daidai, kamar yadda aka koya mini, alhali na san wasu buhunan da ke ciki na Lawali ne. Shi kuwa yakan tara mutane a garka ya ce su yi shiru, ɗan'uwansa ne ke magana.

Duk shekara yana aiko mini da buhu guda na zaɓaɓɓun albasa, masu tauri. Na bana ya iso makon jiya. Ban kira shi ba tukuna.