Kwanta-ka-gani da silin da ke jira

Da hantsi, in rana ta zagayo bayan gida, za ka same shi zaune a tabarma, ƙafa miƙe, faifan silin guda shimfiɗe a gabansa. Gwangwanayen madara na jere a gefe, kowanne da launin fentinsa. Yakan ɗago gwangwani har dab da hanci, don idon yanzu sai da lallashi.

"Wannan shuɗi ne ko kore?"

"Shuɗi ne, malam, jiya ma ka tambaya," in ji mai ɗakinsa daga bakin murhu. "Mutumin da ya yi wa rabin gari fenti, ƙofar gidansa kamar ta kango."

"Ƙofa ba ta ciwo, hajiya. Ran da ta kwanta asibiti zan duba ta."

Wannan shi ne mai zanen da ake kira Kwanta-ka-gani. Da allunan shaguna ya fara: na mahauci, na mai aski, na tela. Daga nan ya koma bayan manyan motoci, yana zana zakin da direbobi ke rantsuwa har gurnani yake yi a kan tudu. Sai tankin ruwa, sai bangon tasha. Amma ba yawan aikin ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Wata ɗabi'a ce tasa: ba ya sa buroshi sai ya tsaya inda mai kallo zai tsaya.

Ina shugabar makarantar firamare sa'ad da aka kawo shi ya zana mana taswira. Na leƙo, na ga ƙaton mutum yana tafiya da gwiwoyi a gindin bango. Na ce ko wani abu ya ɓata. Ya ce, "Malama, idon ɗan aji ɗaya nake nema." Taswirar nan ƙasa-ƙasa ya yi ta. Masu duba makarantu sun yi ta mita wai sai sun sunkuya. Yara kuwa sai da yatsunsu suka koɗe teku.

A asibiti ya samu sunan. An ce ya ƙawata bangon ɗakin yara, wanda ke fuskantar ƙofa, inda manyan baƙi za su gani. Sai ya nemi gadon da ba kowa, ya cire takalmi, ya kwanta rigingine. Babbar nas ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu.

"Malam, hutu muka kira ka?"

"Sista, zo ki kwanta ki gani. Yaron da ke nan ba bango yake kallo ba."

Silin ya zana. Tsuntsaye, kifaye, kwalekwale, da wani ɗan tsuntsu ja da ya ɓoye a bayan fanka. Nas ɗin, wadda ita ma ta tsufa yanzu, ta ce an yi wa yara da yawa allura suna can suna neman tsuntsun nan.

Ana cewa aikin kirki ba ya ɓacewa. Wanda ya fara faɗar haka bai taɓa zane a bango ba. Taswirarmu tana ƙarƙashin tallar sabulu. An rushe tasha. Zakunan sun bi motocinsu wurin 'yan gwangwan. Ɗakin yara ya yi yoyo, aka sa farin silin na roba. Bai rubuta sunansa a jikin ko ɗaya ba, don haka ba wanda ya ga dalilin gaya masa. 'Yarsa ta ce in suna tafiya yakan rage sauri a gefen wani bango, sannan ya ce su wuce.

Bara tsani ya zame da shi, ƙugu ya karye, aka kwantar da shi a ɗakin maza. Ya daɗe yana kallon farin silin, ba ko tabo. Wata rana ya ce da 'yar, "Na cuci manya. Na ɗauka yara kaɗai ke jin tsoro."

Hawan tsani ya ƙare masa. Abokinsa kafinta ne ya ce, "To in ba ka hawa sama, sai mu sauko maka da ita." Shi ya kawo masa faya-fayan silin. Abin da maƙwabtansa na gado suka ce suna kewa, shi yake zanawa: gona bayan ruwan sama, bakin kogi, inuwar ƙofar gida. A kusurwa kuma, in ka lura, ga wutsiyar zaki, ga ɗan tsuntsu ja.

Faya-fayan da aka gama suna jingine a ɗaki. An nemi izinin kafa su a ɗakin maza, hukumar asibiti ta ce ana dubawa. Likitan ido ya ce hasken ba zai jira ba. Shi kuwa abu ɗaya yake so: a kafa su, ya kwanta a ƙarƙashinsu sau ɗaya yana gani.

Kwanta-ka-gani, kai ne ka durƙusa don yaro, ka kwanta don majinyaci. Kai ne mai ba da aron ido. Bangayenka sun tafi, kuma ba zan yi maka ƙarya in ce za su dawo ba. Amma akwai iyaye a garin nan da har yau, in suka shiga ɗaki, sai sun ɗaga kai sun dubi bayan fanka. Mun gode, malam. Allah ya ƙara lafiya, ya riƙe maka hasken nan.

Sauranmu, malami ko likita ko mai riƙe da hatimi, kafin mu yanke wa wani abin da ya dace da shi, mu je inda yake mu duba. Wanda kuma takardar izinin nan ke kan teburinsa, ba dogon nazari take buƙata ba. Akwai gadon da ba kowa a ɗakin maza. Ya cire takalmi, ya kwanta, ya gani.