Askin da Ya Haƙa Rijiya

Duk wanda ya taɓa zama gaban Lado Wanzami ya san abu biyu: askinsa ba ya zafi, bakinsa kuma ba ya hutawa. Mutumin wata unguwa ne a ƙasar Saji, gajere, mai saurin tafiya, kullum zabira a rataye. Wanzanci gado ne a gidansu. Yana aski, yana ƙaho, yana cire beli, idan damina ta sauka kuma shi ake kira wa masu kurkunu. Daga Saji har Kahu da Nariya babu kan da bai sani ba, kuma babu kan da ya tashi daga gabansa bai sha labari ba.

Wajen shekara uku kafin mulkin kai aka kawo akwatin rediyo Rano. A ɗakin karatu ake ajiye shi, bayan la'asar a fito da shi bakin ƙofa, mutane su kewaye. Lado ya ji shi sau ɗaya, shi ke nan ya kamu. Akwai wani shiri da ake yi ranar kasuwa, inda wani mai suna Malam Ja'afaru yake zaunar da mutane ana hira. Yau malamin asibiti ne, wani makon alƙali ya zo ya faɗi yadda ake kai ƙarar iyakar gona, wani makon masaƙi ko mai kukuma, wani makon kuma yadda za a tsare gobara a gidajen ciyawa. Lado yakan naɗe shimfiɗarsa tun kasuwa ba ta watse ba, ya bar mutane da gashi a ka, ya ruga ya kama wuri dab da akwatin.

Abin da ya ji kuma ba ya kwana a cikinsa. Washegari zai raba shi ƙauye ƙauye, kai bayan kai. Gaskiya yakan ƙara gishiri. Idan alƙalin rediyo ya yi magana uku, ta bakin Lado sai ta zama bakwai, har da tarin da alƙalin bai yi ba. Mutane suna jin daɗi, suna dariya, amma sun ɗauke shi yadda ake ɗaukar hirar wanzami, wato abin rage zafin zama.

Wannan ne ya zo ya cuce shi ranar da ya kawo magana ta gaske.

Unguwarsu ba ta da rijiya. Kududdufi suke sha, wanda ke bayan gari. Kowace damina, daidai lokacin da ciyawa ke neman cinye dawa, sai kurkunu ya kwantar da rabin unguwa. Lado ne ke bi gida gida da damin tsinkaye a zabira, yana naɗe zaren kurkunun a jikin tsinke a hankali, yau kaɗan gobe kaɗan, mai ƙafa yana cizon zane. Matarsa Luba damina uku a jere tana kwanciya. Ta ukun ta fi muni, don zaren ya tsinke a ciki, idon sawun ya kumbura ya ƙage, ta koma dogara sanda a tsakar gidanta. Mace ce da a da take ɗaukar ƙwaryar daddawa ta kai Kibiya a ƙafa ta dawo. Lado yana tsoron damina ta huɗu fiye da yadda yake tsoron komai a duniya.

To ran nan sai malamin asibiti ya faɗa a rediyo cewa kurkunu a ruwa ake shan sa. Mai ciwon ya tsoma ƙafa a kududdufi, ƙwayayen su zuba, wani ya sha, sai bayan shekara guda ya fito masa. Magani shi ne a tace ruwa da ƙyalle, wanda ya fi kuma a haƙa rijiya a ɗaure bakinta. Lado bai tsaya jin ƙarshen shirin ba. Da gudu-gudu ya iso gida, ya yage gefen rawaninsa ya ɗaura a bakin randa. Luba ta dube shi ta ce, "Malam, randar gida ka ɗaure. A gona fa? A gidan suna fa? Ko can ma za ka bi ni da rawani?"

Gaskiyarta. In ba rijiya, an yi ba a yi ba. Wurin da masu haƙa suka ce ruwa yana kusa kuwa guda ne, kusurwar lambun Baba Gwadabe.

Baba Gwadabe shi ne dattijon unguwa. Ba shi da sarauta, amma ba a yanka rago ko a sa ranar gayya sai ya ce to. Mutum ne mai son a fara da shi a komai, kuma abin da bai ji daga bakin kakansa ba, a wurinsa ba a yi shi ba. Da Lado ya kai masa maganar, sai ya ce, "Kurkunu a jini yake, yaro. Ruwan da ya raini ubanka shi ne yau ya zama dafi? Kuma a rasa inda za a huda sai wurin albasata? Wannan akwatin naka, kai kaɗai yake gaya wa magana. Ni ban ji ba." Mutanen unguwa suka yi dariya, suka bi bayan Baba.

Abin ya yi wa Lado ciwo ƙwarai. Ya koma Rano ya sami malamin ɗakin karatu, ya roƙe shi ya rubuta masa wasiƙa zuwa ga Malam Ja'afaru. Ya faɗi sunan kowane mai kurkunu a unguwa, da ƙafar da ya fito wa, har malamin ya gaji ya ce takarda ta cika. Wata biyu shiru. Aka yi girbi, aka cire gyaɗa. Sai wata ranar kasuwa akwatin ya ambaci sunansa ƙarara, Lado Wanzami na ƙasar Saji, ya ce masu shirin suna nan tafe su ji daga bakinsa. Lado ya miƙe tsaye cikin taro yana nuna ƙirjinsa, kamar akwai wanda bai san shi ba a wurin.

Kwana takwas unguwa ba ta da wata hira. Aka share ƙarƙashin tsamiya, aka aro tabarmi har daga Kahu. Mata suka yi fura kamar za a yi biki. Lado ya wanke rigarsa ta Sallah, yana bitar jawabinsa a hanya, a gona, har awakin gidansa sun kusa haddace shi.

Ranar da aka sa, da hantsi, mota ta iso. Malam Ja'afaru ya fito, siriri ne mai fara'a, ba ƙaton da aka zata daga jin muryarsa ba. Aka sauke na'urar ɗaukar magana, mai faifai biyu da ke juyawa. Maza suka cika tabarmi, mata suka jeru a bayan danga, Baba Gwadabe ya zauna a gaba yana kallon na'urar ta wutsiyar ido. Malam Ja'afaru ya miƙa wa Lado abin magana, wani ƙarfe mai kama da ludayi, ya ce, "Bismillah, Malam Lado. Gaya wa mutanen Arewa abin da ke damun unguwarku."

Lado ya buɗe baki. Babu abin da ya fito.

Mutumin da ya shekara ashirin bai bar kowa ya kai ƙarshen zance ba, ga shi tsaye, hannuwa a sake, gumi yana bin wuyan rigar Sallah. Ya ce, "To." Ya sake cewa, "To, wato." Faifan biyu suna ta juyawa a banza. Aka tsayar, aka ba shi ruwa, aka sake. Wannan karon ko "to" ɗin bai samu ba. Samari suka fara ƙunshe dariya. Baba Gwadabe ya gyara zama, ransa fes. Direba ya duba rana, don akwai wani ƙauyen da ke jiransu. Lado ya ga rijiya tana shirin hawa mota ta koma Kano.

Sai murya ta fito daga bayan danga. Luba ce, dogare da sandarta. Ta ce, "Malam baƙo, a gafarce ni. Wannan mutumin ba ya iya magana hannu sake. Ku ba shi kan da zai aske."

Malam Ja'afaru ya yi murmushi ya ce to wa zai ba da kai. Samari uku suka yunƙura. Amma a unguwar nan, tun da aka kafa ta, wanzami ba ya taɓa kan yaro alhali dattijo yana zaune. Baba Gwadabe ya galla musu harara suka koma, ya cire hula da kansa, ya matso ya zauna gaban Lado. Ba zai yiwu a ce baƙi sun zo daga birni an fara da wani ba shi ba.

Lado ya tuɓe rigar Sallah, ya jawo zabira. Ya jiƙa kan, ya murza sabulu, ya wasa aska a tafin hannu. Yatsunsa na hagu suna dafa ƙeyar Baba, sai harshensa ya kwance kamar an cire toshiyar kwata. Ya manta da ƙarfen da aka kara masa. Ya faɗi yadda zaren yake fitowa, da kwanakin da yake ɗauka, da gonar wane da ciyawa ta cinye bara, da yadda Luba ke rarrafe zuwa murhu. Ko gishiri ɗaya bai ƙara ba, don abin ba ya bukata. Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai kukan aska.

Kuma kowa ya san wanda aska ke kansa ba ya girgiza kai. Lado ya kai bayan kunne ya ce, "Baba, bara mutum nawa na naɗe wa a gidanka?"

"Huɗu," in ji Baba, a hankali.

"Duk kududdufi suke sha, ko ba haka ba?"

"Haka ne."

Askar ta gangaro ƙarƙashin haɓa. "Masu haƙa kuma sun ce ruwa yana kusa a kusurwar lambunka. Baba, mutum kamarka, da ake fara komai da shi, ai ba zai hana jikokinsa ruwa saboda kunya biyu ta albasa ba."

Baba ya haɗiye yawu da dabara. Ya ce, "Ba zai hana ba."

Aka gama, aka shafe kai. Baba ya miƙe zai fara faɗa, sai Malam Ja'afaru ya ce, "Baba, ba ma ɗaukar maganar mutum mu tafi da ita bai yarda ba. Ka saurara. In ka ce a goge, yanzu zan goge." Ya mayar da faifan baya ya kunna. 

Muryar Baba Gwadabe ta fito daga na'ura, mai kauri, mai nauyi, irin ta manya. Tsohon bai taɓa jin kansa ba. Ya saki baki, ya matsa kusa, ya dubi jama'a ya ga kowa shi yake kallo. Ya ce, "Wannan ni ne? Har Kano za a ji?" Aka ce har Kano, har Zariya, har inda bai taɓa zuwa ba. Ya shafa sabon askinsa, ya ce, "A bar shi. Amma a sake sa wurin da na ce haka ne."

Ranar da aka sa shirin, unguwa ta kwashe zuwa Rano, Baba a gaba bisa jaki. Luba ce kawai ba ta je ba, ƙafa ta hana. Kafin su dawo gida rijiya ta riga ta zama shawarar Baba tun fil azal, Lado kuwa bai yi musu ba. Da rani aka yi gayya, aka sami ruwa a gaba bakwai, aka ɗaure baki da duwatsu.

Damina ta zo, kurkunu ya fito kamar ba a yi komai ba. Har Luba ya taɓa, a ɗaya ƙafar. Aka fara cewa ga rijiya ga ciwo, ina amfanin hirar wanzami. Lado ya yi ta bayani cewa wannan na ruwan bara ne, babu mai saurare. Wanda ya tsaya masa shi ne Baba. Ya sa kujera a hanyar kududdufi, sanda a hannu, duk mai tulu ya kora shi rijiya. Yana cewa, "Arewa duka ta ji na ce haka ne. Ba za ku mayar da ni maƙaryaci ba."

Damina ta gaba ita ce ta shekarar mulkin kai. Aka yi shuka, Lado yana duba ƙafafun mutane a masallaci maimakon fuskokinsu. Aka yi noman farko, aka yi maimai. Mutum biyu kacal suka kira shi, su ma 'yan ci-rani ne da suka sha ruwan wani wuri. Kowace safiya sai ya ce Luba ta miƙo ƙafa ya gani, har ta fara yi masa tsiya.

Wata ranar kasuwa, dawa ta fara fitar da kai, ya fito zai tafi Rano sai ya tarar da ita a zaure, ƙwaryar daddawa a ka, babu sanda. Ta ce, "Mu je in ga akwatin nan da ya kusa kashe maka baki." Tana ɗan ɗingishi, haka za ta yi ta yi har ƙarshen rayuwarta, amma ita ce a gaba. Lado mai saurin tafiya ya bi ta a baya yana kallon dugaduganta, murna ta cika masa ciki har ya rasa abin faɗa, karo na biyu a rayuwarsa.

Da suka kai bakin rijiya ya ce ta dakata. Ya zuge zabira ya ciro damin tsinkayen nan da ya shekara ashirin yana yawo da irinsu, ya ɗora mata a kan ƙwarya. Ya ce, "In mun dawo ki hura wuta da su."