Asabe Mai Banda da Tabon Cikinta

Duk mai sayen bandar kifi a kasuwar Wara ya san Asabe, ko bai san sunanta ba ya san muryarta. Gajera ce kakkaura, idonta kullum ja saboda hayaƙi, bakinta kuwa ba ya barin magana ta kwana. Tun tana ƙarama take juya kifi kusa da innarta, har ta kai in ta taɓa tarwaɗa da bayan hannu ta san ko ta bushe ko da saura. Mijinta Ɗangana masunci ne ɗan masunci, mutumin da in ya ce maka "to" ya gama hirar ranar. A wata tungar masunta suke zaune a bakin tafkin Kainji, shi ya kamo, ita ta banda, shekara na bin shekara ba haihuwa.

Abu ɗaya ne bakin Asabe ya kasa faɗa. Lokaci-lokaci wasu ƙananan ƙuraje masu ruwa kan fito mata a gaba. Wurin yakan fara da tsikari da ƙaiƙayi, sannan su fito, su fashe, fitsari ya zama azaba. Bayan mako ɗaya ko biyu su bushe kamar ba a yi ba, da aiki ya yi mata yawa ko zazzaɓi ya kayar da ita sai su dawo. Ita tafki ta ɗora wa laifi, don a bakin ruwa kowane ƙaiƙayi na ruwa ne. Ta daina shiga wanke kifi, ciwo bai fasa zuwa ba.

Sai ta yi tunani irin na mai banda: abin da ke da ruwa, wuta da hayaƙi ke busar da shi. In ta kwashe kifi sai ta ɗebi garwashi a kasko, ta zaga bayan zana ta tsuguna a kai, wani lokaci har da shafa kanwa. Allah sarki Asabe, ta manta kifin da take bandawa matacce ne. Takan fito tana tafiya a tattale, hawaye na zuba, in an tambaya ta ce hayaƙi ne. Da yake ƙurajen kan bushe da kansu, sai ta ɗauka maganinta ne ya ci.

Ana nan, bayan an fid da rai, sai ga ciki. Murna a tungar nan ba a magana. Inna Lubabatu, uwar Ɗangana, tun ciki bai fito ba ta fara tara itacen wankan jego, ta kuma sanar cewa a ɗakinta za a haihu, yadda kowace mace ta gidan ta yi.

A wurin awo Asabe ta faɗa hannun Esther, ungozomar ƙaramin asibitin da ke kusa da su, 'yar Kambari daga wajen Ngaski. Ranar an yi dace ƙurajen na nan, ga kuma ƙunar garwashi a kansu. Esther ta duba, ta tambayi abin da ya ƙone ta, Asabe ta sunkuyar da kai ta faɗa.

"Haba Asabe," in ji Esther a hankali, "ke ba tarwaɗa ba ce."

Dariya ta kuɓuce wa Asabe, kuka ya biyo baya. Esther ta bari ta gama, sannan ta yi mata bayani. Ciwon ba na ruwa ba ne, a asibiti hafis ake ce masa, kuma ta saduwa ake ɗaukarsa. Yakan kwanta a jiki shekaru ba alama, don haka neman wanda ya kawo shi ɓata lokaci ne. Ba ya fita gaba ɗaya, amma akwai ƙwayoyin da in an fara sha da jin tsikarin nan suna rage zafi da kwanakinsa. Wurin ruwan ɗumi da ɗan gishiri kawai yake so, a bar shi a bushe, ita da maigida kuma su haƙura da juna har ya warke. Sannan ta zo kan abin da ya tsinka wa Asabe zuciya. A watan ƙarshe za ta riƙa shan ƙwayoyin kullum, kuma in ranar naƙuda ciwon ya motsa, kada ta haihu a gida, ta wuce babban asibiti a ciro ɗan ta tiyata, don jariri na iya kamuwa wajen fitowa, shi kuwa ba shi da ƙarfin ɗauka.

Ɗangana yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi ta gaya masa, tana jiran ya tashi ya bar mata wurin. Bai tashi ba. Ya daɗe yana ɗinki, can ya ce shi ma ya taɓa ganin irinsu a jikinsa, shi ma ruwa ya ɗora wa laifi. Washegari tare suka je wurin Esther. Inna ce kaɗai ba wanda ya iya tunkara.

Ƙwayoyi ta sha su ba fashi, amma ƙaddara ta riga fata. Da hantsi naƙuda ta taso, tare da ita sai ga tsikarin nan da ta sani sarai. Inna ta riga ta shimfiɗa tabarma, ta aza ruwa a wuta. Da Asabe ta yi shiru ba mai sani, kuma shiru a kan ciwon nan ta saba da shi. Ta dafa cikin da ta yi shekaru tana roƙo, tsoro ya kama ta sosai, ta aika a kira mata Ɗangana daga bakin ruwa.

Da Inna ta ji zancen asibiti sai ta tsaya a ƙofa. Ta ce ba a taɓa yanka mace a gidan nan don haihuwa ba, ragwanta ce ta 'yan zamani. Nan Ɗangana ya yi magana mafi tsawo da aka taɓa ji daga bakinsa.

"Inna, ciwo na, kuma ba nata ba ita ɗai, har da ni. In anka haihu nan ɗan na iya kamuwa. Ki gahwarce ni, tahiya za mu yi."

Tsohuwa ta dube shi, ta dubi surukarta da ke cije leɓe. Ta sauke tukunyar daga wuta, ta yafa mayafi, ita ta riga kowa shiga jirgin ruwa.

A babban asibiti likita ya duba, ya ga ƙurji ya fara tasowa, aka shiga da ita tiyata. Kafin la'asar aka miƙa wa Inna jikarta, mace, lafiya lau. Mansura aka raɗa mata.

Yau Mansura har ta fara ƙoƙarin juya kifi. Ciwon yakan leƙo Asabe jefi-jefi, ta sha ƙwayoyinta, ta ɗan rage aiki, ya wuce. Kaskon garwashin nan kaji ke shan ruwa a ciki. In Ɗangana ya kamo giwan ruwa, tsokar da ta fi kyau gidan Esther take zuwa, kuma Asabe ba ta sallame salla ba ta sa matar nan a addu'a ba. Mata a kasuwa sukan zolaye ta da wadda aka yanka, ta ce ta ji, ta gode, Allah ya ba kowa mai gaya masa gaskiya.

Rannan tana gyara ɗaurin zane a gindin banda, Mansura ta hango tabon tiyatar a cikinta, ta sa yatsa a kai.

"Inna, mi ne ne wanga?"

Asabe ta kama ɗan yatsan ta riƙe. Idonta ya ciko, wannan karon kuma ba ta ce hayaƙi ne ba.

"Nan kinka hito, ɗiyata," ta ce. "Lahiya lau kinka hito."