Kawu Sale da Ƙamshin Ruwan Farko

Kun dai san Kawu Sale. Ruwan farko na sauka, kowa na rige-rigen kwashe shanya, shi kuwa sai ya fito tsakar gida, ya tuɓe hula, ya ja numfashi, ya ce, "Petrichor!"

Wurin maƙwabcinsa Mista Bulus, malamin jami'a, ya tsinci kalmar. Wai ita ce sunan ƙamshin da busasshiyar ƙasa ke yi idan ruwan sama ya taɓa ta. Tun daga ranar ba mu sake hutawa ba. Mu da bakinmu bai iya ba muka mayar da ita fetiriko, har ta zama sunansa.

Ran nan matarsa Inna Laure ta yayyafa ruwa za ta yi shara, ta ce, "Malam, ga fetirikonka nan, shaƙi ka bar mu mu huta."

Ya shinshina, ya yatsine fuska. "Laure, wannan ai ƙamshin bokiti ne."

A kasuwar Juma'a kuma ya tsare mai turare, wai a ba shi fetiriko. Bawan Allah ya zazzage kwalabensa kaf, ya ce sabon kaya na hanya. Kawu ya ce, "Yana hanya kam, amma ba a motarka ba!"

Ni dai ba zan manta shekarar da na rasa aiki na koma noma a Lajawa ba. Irin gerona ɗan kaɗan ne, in ya ƙone shi ke nan. Aka yi ruwa, ƙamshi ya tashi, na zo ɗaukar iri. Wallahi sai na tarar da tsohon nan zaune daram a kan buhun!

"Haba Kawu! Kai da bakinka ka ce fetiriko!"

"Fetiriko na hanci ne, ɗana, ba na shuka ba. Je ka tona."

Na tona, ƙasa a bushe ƙamas. Na yi fushi, har gaisuwa na rage masa. Ruwa ya ɗauke, shukar maƙwabta ta ƙone, nawa irin yana nan. Sai da damina ta kankama na shuka. Geron da ya riƙe gidana kenan a shekarar, kuma har gobe ina gode masa.

Ranar da muka kai shi makwancinsa, muna gama rufe ƙasa sai ga yayyafi. Ƙamshin ya tashi. Ba wanda ya gudu, kowa ya tuɓe hula, ya ja numfashi.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sanyaya makwancinsa, Ya shaƙar da shi ƙamshin Aljanna.