Malam Labbo da Warin Sufirit

Kun dai san marigayi Malam Labbo ba ya buɗe kwalbar sufirit sai ya yi a'uziyya sau uku, ya kau da kai kamar mai gaida surukuwa. Shi ke haɗa ruwan gwaji a ɗakin kimiyya na sakandarenmu ta Isa. Ni Tanko maigadi, na kai har aji huɗu na firamare, don haka a saurara da ladabi. Kun ce sha yake yi. To, ga abin da na gani.

Akwai wani farin gari da yake aunawa, ya narkar a sufirit. In yara sun ɗiga shi a ruwan gwajinsu, sai ya koma ja-ja. Na ce, "Malam, jiƙa shi da ruwan rijiya mana, ka huta da warin ga."

Ya ce, "Tanko, garin ga irinka ne, ba shi shiri da ruwa."

Ni da nake wanka duk Juma'a!

Da bazara ya ga sufirit na bin iska, sai ya tsoma kwalbar a randar malamai. Shugaban makaranta ya zura moɗa, ya ji ƙwal. "Labbo! Mi na gani haka?"

"Ranka shi daɗe, baƙo ne, bai saba da ranar Gobir ba."

Warin kuwa, irin na giya, ya kama rigunansa, sabulu ya yi, ya gaji. Wata ran kasuwa ya zo wucewa, na ɗaga murya: "A ba Mai Kwalba hanya, kar ya faɗi!" Aka yi dariya. Kafin La'asar maganar ta kai Sabon Birni. Mai tuwo ta ware masa kwano. A sahun salla, wanda ke kusa da shi ya riƙa matsawa. Ya koma cin abinci shi kaɗai bayan ɗakin gwaji, yana hira da ƙadangaru.

Na ce, "Ka bar aikin ga mana."

"In bari yara su faɗi jarrabawa don hancin iyayensu? Gobe ma za ni."

Bai taɓa ce mini don me na yi masa haka ba. Kullum ina cewa gobe za ni tashi a masallaci in wanke shi, har aka wanke shi a kan tabarma.

Jama'a, ko ɗigo bai taɓa wuce leɓensa ba. Bakina ne ya yi maye.

Allah Ka gafarta wa Labbo, Ka ba shi maƙwabtan da ba su matsawa. Ka sa ya yafe mini.