Rantsuwar da Na Yi a Kan Kyanwa

Ina ɗan shekara sha biyar a lokacin, kuma babu abin da na iya a duniya kamar ƙara wa zance gishiri. Idan ɓera na gani a tashar Catford, kafin in isa gida ya zama ɗan akuya. Muna da wani muzuru baƙi da muke kira Kilishi, don ranar da ya shigo gidanmu kilishin tsarabar Baba ya fara yi wa ɓarna. Yayata ce ta sayo mini kayan gwajin DNA na kyanwa, irin wanda ake goga tsinken auduga a cikin bakinta a tura wa kamfani, su faɗi asalinta da cututtukan da ta gada. Kuskurena na farko ƙarami ne. Takardar ta ce kada kyanwa ta ci komai kafin gwajin, ni kuwa da kifin gwangwani na yaudari Kilishi ya buɗe baki. Ya yakushe ni har na ga taurari, na tura tsinken yana ƙarnin kifi.

Ban jira sakamako ba. A ranar na ɗauki wayar Yaya, na shiga shafin da ta yi sayayyar, na ba su tauraro biyar, na zauna na shirga sharhi. Na ce gwajin ya nuna muzuruna jikan kyanwar Fir'auna ne, shi ya sa yake kallon mutane a wulaƙance. Na ce ya gano masa ciwon zuciya tun kafin ya kwanta, ya ceci ransa, ya hutar da mu zaryar asibitin dabbobi. Don abin ya ƙara armashi na rufe da wallahi, a tsakiyar Turancin. Da sakamakon gaskiya ya zo, cewa suka yi yawun bai isa ba kuma ya gauraya da abinci, in sake turo wani. Na yi dariya na manta. Sharhina kuwa mutane suka yi ta danna cewa ya amfane su, har ya hau sama.

A gidan benen da muke, a ɓangaren da ke ƙasan namu akwai wata tsohuwa 'yar zangon Kumasi, muna ce mata Hajiya. Ta yi shekaru tana sayar da atamfa a Peckham kafin gwiwa ta zaunar da ita. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse, ba ta da abokin zama sai wata farar kyanwa da marigayin ya bari. Ni nake karanta mata takardun ƙaramar hukuma, ita kuma tana wasan jika da ni, tana kirana maigidanta, tana cewa wane irin miji ne ba ya kawo cefane sai cin waake, shinkafa da waken mutanen Kumasi. Wata rana ta aiko a kira ni. Na tarar da kyanwar a kwance tana numfashi da baki buɗe, ta daina cin abinci. 'Yarta da ke Stratford ta ce a kai ta wurin likitan dabbobi, amma Hajiya ta ƙi, wai ta ji labarin Turawa da sun ga dabba ta tsufa sai su yi mata allurar mutuwa. Tana so ta fara sanin ciwon tukuna. Jikarta ta turo mata shafin wani gwaji, in karanta mata abin da mutane suka ce.

Sharhina ne a sama. Na karanta shi ina fassarawa, ina fata ta yi dariyar zancen Fir'auna ta gane wasa ne. Ta yi dariyar, amma da na zo ƙarshe sai ta ɗaga hannu ta ce in maimaita. Ta ce wannan Musulmi ne. Na ce mata mutane suna zuba ƙarya a intanet, kada ta biye musu. Ta ce ta sani, amma wanda ya ambaci sunan Allah a kan kyanwa ya san akwai hisabi, ba zai yi ƙarya ba. A nan ya kamata in ce ni ne. Amma na kasa. Ta yaya zan dubi sa'ar kakata in ce na rantse da Allah a kan ƙarya don a yi dariya? Ni na yi mata odar, ni na riƙe kyanwar aka goga tsinken, ni na kai gidan waya.

Makonnin da suka biyo baya ban taɓa jin rashin dabara irin nasu ba. Kullum na dawo makaranta sai in leƙa, kyanwar tana ƙara ramewa, Hajiya tana shafa bayanta tana ce mata ya yi haƙuri takarda na hanya, don ita kowa shi ne a Hausarta. Na kawo dabaru iri-iri, na ce akwai asibitin da ake yi wa tsofaffi rangwame, na ce zan raka ta. Ta ce maigida ya cika gaggawa. Da na ga kyanwar ta kasa hawa kujera, sai na faɗa wa Yaya. Ta goge sharhin nan take, amma gogewar ba ta mayar da kwanakin da suka wuce ba. Mama ta ja ni da kunne har ƙasa wurin Hajiya, na tsuguna na faɗi komai. Hajiya ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta dube ni, ta ce in ɗauko kwando mu kai kyanwar asibiti. A bas na riƙe kwandon a cinyata ina jin numfashin yana kaɗa hannuna. Likitan ya ce zuciya ce, ruwa ya cika ƙirjin, da an zo da wuri da magani ya ɗan ja mata kwana.

Na rubuto ne don sa'o'ina masu hali irin nawa. Sharhi shaida ne, kuma ba ka san wanda zai dogara da shi ba. Kada ka rubuta sai sakamako ya zo hannunka, ka faɗi abin da ka gani har da inda ka yi kuskure, kuma kada ka ce gwaji ya gano ciwo idan ba likita ne ya tabbatar ba. Mai karatu kuma ya sani, irin wannan gwaji gado yake dubawa, ba ya duba dabbar da ke kwance. Na sake rubuta sharhi na gaskiya, har da zancen kifin, amma yana can ƙasa inda ba mai kaiwa.

Kyanwar ta mutu a asibitin a ranar. Sakamakon ya iso bayan an binne ta, kuma ni Hajiya ta kira in karanta mata. Ya ce kyanwar gida ce gama-gari, ba a ga alamar ciwon gado ba. Har yau ni nake karanta mata takardu, amma da sunana take kirana.