Mai Zanen Zuciyar Saniya

Mahauci na kallon wata mata ta gefen ido. Doguwa ce, gilashinta ɗaure da zare, carbi a wuyan hannu, yatsu duk tawada. Ba nama ya kawo ta ba. Ta sa ya tsaga mata zuciyar saniya, ta tsuguna tana zana kowace jijiya, ƙudaje na bin fuskarta. Likita ce ko malamar jami'a? Ko wace ce, da ganinta ba ta hanuwa.

Wani dattijo ya tsaya a kanta. "'Yata, ga carbi ga zanen halitta? Zaɓi ɗaya."

"Haka suka ce min a wurin aiki, Baba. Aikin Mahalicci nake karantawa." Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Mai nama, juya min ita."

Mahauci ya goge hannu, ya juya mata zuciyar.